Ranar da Baba Na-ƙi Ya Manta Bututu

Mahaifina bakaniken babur ne. Shekara arba'in da bakwai ya yi yana faɗa da masu babur a kan rayukansu, su suna so su yi wasa da su, shi yana hana su. Shagonsa a jikin gidanmu yake, ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe, da benci, da teburin katako wanda baƙin mai ya jiƙa har ba a gane asalin launinsa. A layinmu ba mai kiransa da sunansa. Baba Na-ƙi ake ce masa, kuma ba sharri aka yi masa ba.

Ka kawo masa babur ka ce ya ɗan lallaɓa maka shi zuwa wani mako, sai ya ce, "Na ƙi." Ka ce ya ɗaure maka birki da waya, na ƙi. Ka ce ya wanke tsohon boris ya cusa masa giris ya mayar, nan ne ma za ka ji abin da ba ka zo ji ba. Boris shi ne zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye a ciki, wanda ƙafar babur ke juyawa a kansa. Guda biyu ne a cibiyar ƙafar gaba, ɗaya dama ɗaya hagu. Bai kai bakin kofin shayi faɗi ba, amma a wurin Baba duk babur ɗin a kansa yake zaune, har da wanda ya hau.

Sauran kanikawan layin, in za su sa sabon boris, guduma suke ɗauka su yi ta jibga har ya shige. Baba in ya jiyo wannan ƙarar daga shagon wani, sai ya runtse ido kamar shi ake duka. Shi nasa tsarin daban ne. Zai kwance ƙafar ya jingine ta a rana cibiyar ta yi zafi, sabon boris kuma ya ƙulle shi a leda ya kai wa maƙwabcinmu Mai Lemo ya sa masa a firji. Ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake yi, in ya ji sanyi ya tsuke, sai su haɗu ba gardama. Mai Lemo ya fi shekara ashirin yana mita, wai wata rana zai miƙa wa mai saye boris a maimakon lemo, amma bai taɓa hana shi ba, har wani lungu ya ware masa a bayan kwalabe. Mai babur kuwa sai ya zauna a benci ya jira, ko yana sauri ko ba ya sauri. In ya cika ƙorafi Baba ya nuna masa hanya da sifana ya ce, "Ga masu guduma can, yanzu-yanzu za su sallame ka." Yawanci ba sa tafiya.

Da wannan sana'ar ya ciyar da mu, ya yi mana karatu, mu huɗu. Umma takan ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ainihin launin farcensa ba. Babbanmu, wanda muke kira Yaya, aikin ofis yake yi, mutum ne mai son komai a tsare, ko takalmi ya cire sai ya daidaita su. Biyu na tsakiya aure da aiki sun yi nisa da su. Ni ce auta, ina koyarwa a wata makaranta a bayan gari, kuma duk gidan ni na gado taurin kan Baba. Babur ɗin da nake zuwa aiki da shi ma, sai da aka yi ta surutu a dangi kafin na fara hawansa. Baba ne ya kashe maganar, ya zaɓo mini shi da kansa, ya kafa mini doka ɗaya: in ina bisa babur, ko wa ya kira ni a waya kada in ɗauka.

Mantuwar ta fara masa a hankali. Ya nemi tabarau yana sanye da shi, muka yi dariya. Ya tafi kasuwa ya dawo hannu biyu bai san abin da ya je saye ba, muka yi dariya kaɗan. Ranar da ya tafi masallaci ya bar shago a hangame, ya dawo yana faɗa wa ya buɗe masa shago, ba wanda ya yi dariya. Amma hannunsa bai manta komai ba, ko kuma haka nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni.

Yaya ya tara mu a tsakar gida. Ya ce lokaci ya yi da Baba zai huta. Za a fitar da ƙarafan nan, a yi wa shagon fenti, a sa kujera mai laushi da talabijin, Baba ya riƙa zama abokansa na zuwa hira.

"Baba, rayukan mutane ne a hannunka," in ji Yaya.

"Yau ka sani, Babba? Ni tun ba a haife ka ba na sani."

"To wallahi in aka samu kuskure ɗaya a babur ɗin wani, ɗaya tak, ni da kaina zan rufe shagon nan."

Baba ya tashi ya saka takalmi ya fita. Yaya ya ɗauki fitar tasa a matsayin yarda. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Na san Yaya ba mugunta yake yi ba, tsoro yake ji, amma ban iya jure yadda yake magana a kan Baba kamar ba ya wurin ba.

A kwanakin nan ne ƙafar gaban babur ɗina ta fara gurnani. In na yi gudu sai kan ya riƙa ɗan rawa a hannuna. Akwai bakanike a bakin layin gidana, amma na ƙi kai masa. Na jira har Asabar, domin na san duk Asabar Yaya yana zuwa gaida su Umma. So nake a yi aikin a gaban idonsa, ya gani, ya kama bakinsa. Yau in na tuna sai in ji kunya, domin ubana na ɗauka na kai baje koli ba tare da na tambaye shi ba.

Baba ya kafe babur ɗin, ya ɗaga ƙafar gaba, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. Ta yi ƙas-ƙas. Ya juya ta ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙarfen da ke riƙe da ita, yana saurare.

"Auta, kwana nawa kina jin wannan?"

"Bai fi mako ɗaya ba, Baba."

"Ƙarya kike yi, ya kai uku. 'Yar bakanike guda, kina yawo a kan tsakuwa."

Ya kai sababbin boris firji, ya kwance noti, ya zare dogon ƙarfen da ke ratsa ƙafar, ya kwantar da ita a kan katako biyu don kada farantin birki ya taɓa ƙasa. Ya ɓamɓare robar da ke tare ƙura. A tsakanin boris ɗin nan biyu, a cikin cibiyar, akwai wani ɗan bututun ƙarfe, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Aikinsa shi ne ya tokare su, don in an ɗaure noti kada a matse su ciki. In babu shi, za su yi ta cin kansu, su yi zafi, su farfashe, wata sa'a ƙafar ta cije ana cikin gudu. Baba ya ture bututun gefe, ya zura siririn ƙarfe ya riƙa ƙwanƙwasa tsohon boris a zagaye, nan kaɗan can kaɗan, har ya faɗo. Bututun ya biyo shi. Ya jefa bututun a gwangwanin kananzir don ya jiƙu, ya fitar da ɗaya boris ɗin, ya miƙo mini shi. Na juya shi a yatsana na ji yana ƙartar juna kamar an zuba masa yashi.

Ya goge cibiyar tas, ya duba ta a haske ko ta cinye, ya ce lafiyarta lau, ya jingine ta a rana. Muna zaune muna jira sai ga motar Yaya. Ya fito da fararen kayansa, ya gaida Baba, ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Ni kuwa na gyara zama.

Mai Lemo ya kawo ledar tana raɓa. Baba ya shafa ɗan giris, ya ɗora boris na farko, ya aza tsohon zobe a kansa don bugun ya sauka a gefen waje kawai, ya ɗan taɓa sau uku, ya zauna daram. Ya juya ƙafar ɗaya gefen. Daidai nan ne Yaya ya buɗe baki.

"Baba, yau wace rana ce?"

Baba ya ɗago kai. "Me ka ce?"

"Tambaya ce kawai. Likita ya ce a riƙa yi maka. Yau wace rana ce, kuma me ka ci da safe?"

A gaban Mai Lemo, a gaban wani mai babur da ke jira a benci. Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Ya ce, "Yau ranar da ɗan da na haifa ya zo yi mini jarrabawa a shagona ce." Ni ma na taso wa Yaya da faɗa, shi ma ya mayar mini, Mai Lemo na ba da haƙuri. Duk wannan hayaniyar hannun Baba bai tsaya ba. Ya sa boris na biyu, ya mayar da roba, ya ɗora ƙafar, ya ɗaure noti, ya ce, "Ɗauki abinki." Ko juya ƙafar bai yi ba, abin da bai taɓa tsallakewa ba, ni ma kuma ban lura ba, domin idona na kan Yaya.

"Ka gani ko?" na ce masa. "Wanda ba ya tuna abin da ya ci da safe ne ya yi wannan. Kai ko taya ka iya cirewa?" Na tayar da babur ɗina na tafi ina jin daɗin kaina. Zan biya kasuwa, daga nan in wuce makaranta in ɗauko takardun jarrabawar ɗalibaina. Hanyar makarantar tana da wata doguwar gangara da ke sauka kan gada, inda manyan motoci ke wucewa ba sassauci.

Abin da ya faru a bayana, daga bakin Mai Lemo da Umma na ji shi. Yaya ya shiga cikin gida cin abinci. Baba ya sallami mutumin da ke jira, ya share tebur, ya ɗauki gwangwanin kananzir zai tace. Yana karkata shi sai ya ji wani abu ya yi ƙwal a ƙasa. Ya zura yatsa ya ciro bututun.

Mai Lemo ya ce bai taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Baba ya ce a kira ni. Aka kira sau huɗu, ban ɗauka ba, ina bin dokarsa. Mai Lemo ya matso kusa ya rage murya.

"Baba, sa shi a aljihu. Bari in nemo mai babur ya bi ta, a ce ta dawo za ka ɗaure mata sarƙa. Kafin Alhajin ofis ya gama cin abinci an gama komai, ba wanda zai sani."

"Kafin ka samo mai babur, ka yi masa kwatance, ta kai gada. Ga mota a ƙofar gida."

"Motar ai tasa ce, Baba. In ya ji, shagon ya tafi."

"Na sani."

Ya shiga gida da takalminsa, abin da ba ya yi, ya ajiye bututun a kan tabarma kusa da kwanon Yaya, kananzir na ɗiga. Ya ce, "Babba, ga kuskuren da kake jira. Na manta wannan a ƙafar ƙanwarka. Tashi ka tuƙa ni." Umma ta ce Yaya ko hannu bai wanke ba. Amma duk da wannan gaggawar, sai da Baba ya ɗauki akwatin kayan aikinsa, ya sa Mai Lemo ya ciro masa wasu boris biyu daga lungunsa na firji, ya zuba masa ƙanƙara a ledar.

A gidan mai na ƙarshe kafin gangarar suka same ni. Na tsaya shan mai, ina ma mamakin yadda babur ɗin ya yi mini nauyi a hannu, ina cewa ƙila sabon ƙarfe ne bai saki ba. Sai na ji hon a bayana ba ƙaƙƙautawa. Kafin motar ta gama tsayawa Baba ya buɗe ƙofa. Ya kama hannuna ya kai kusa da cibiyar ƙafar. Ban ma taɓa ba na janye, zafin ya kai a soya ƙwai. Ya buɗe tafinsa ya nuna mini bututun.

Na dubi Yaya, na ga idonsa ya yi ja. Nan take bakina ya fara aiki kafin hankalina.

"Ai ni ce, Yaya. Ni na ɗauke shi daga tebur ina dubawa, na jefa a gwangwani. Baba bai gan shi ba."

"Ke, rufe mini baki," in ji Baba. "Ni za ki yi wa ƙarya a kan aikina? Ko da kin haɗiye shi ne, ni ya kamata in neme shi. Ni na manta."

Da ƙarfi ya faɗa, har masu sayar da mai da direbobin da ke layi suka juyo. Aka tura babur ɗin inuwa. Ya shimfiɗa tsumma, ya durƙusa a kan siminti, tsoho mai shekara sittin da shida, ya sake kwance ƙafar. Boris ɗin da ya sa ɗazu, sababbi fil, girisinsu ya narke ya tsiyaye. Ya fitar da su duka biyu ya wurga a kwandon shara. Wani direba ya ce ai ɗayan da sauransa, Baba ya yi masa kallo ɗaya, direban ya ja bakinsa. Ya taɓa cibiyar ya ce, "To, yau dai ba sai an jira rana ba." Ya sa na farko. Ya ɗaga bututun sama yadda kowa zai gani, ya zura shi, sannan ya sa na biyu. Ya zura yatsa ya taɓa bututun ya ji ya zauna tsakaninsu ba ya lilo. Ya ɗaure noti, ya juya ƙafar, ta yi ta juyawa shiru, mu uku muna tsaye muna kallonta har ta tsaya don kanta.

A hanyar komawa, in ji Baba, sai da suka iso ƙofar gida Yaya ya ce, "Da ta mutu fa?" Baba ya ce, "Da na bi ta." Ranar Litinin da sassafe Yaya ya zo da sabon kwaɗo, babba, ya datse ƙofar shagon, ya tafi ofis da makullin. Ban ga laifinsa ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi.

Da na taso daga makaranta na biya gidan, ina ta shirya kalaman lallashi a raina. Na tarar da shagon a buɗe, Baba na zaune yana gyara wa wani birki. Ashe zarto ya aro a wurin mai walda, ya yi rabin safiya yana yankan kwaɗon, Umma na tsaye a kansa tana cewa, "Malam, don Allah ka bari," shi kuwa ko a jikinsa. Da ya gama ya sa gutsattsarin a kwalin boris, ya ba wani direba ya kai wa Yaya ofis, ya ce a gaya masa ƙarfen ba mai kyau ba ne, an cuce shi.

Da mai birkin ya tafi, Baba ya ce in zauna. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, hannun da ba ya goguwa.

"Auta, kin zaci ban san abin da ke faruwa da ni ba? Na fi likita sani. Abubuwa suna zubewa daga kaina, ina jin zubarsu. Amma shekaranjiya da na ciro bututun nan, na san ko mene ne, na san na wace ƙafa ne, na san abin da zai yi. Wanda ya san wannan bakanike ne har yanzu. Ba wanda zai zaunar da ni a kujera mai laushi ina kallon bango."

"To in ka sake mantawa fa, Baba?"

"Na yi wa wannan dabara."

Ya nuna mini wani farin faranti da ya karɓo a wurin Umma. Daga ranar, duk abin da ya kwance a babur a nan yake ajiye shi, ko 'yar washar da ake sa wa noti ce. Gwangwanin kananzir ya yar da shi, ya koma wanki a buɗaɗɗen kwano mara zurfi. Kuma ba babur ɗin da zai bar ƙofarsa sai mai shi ya duba farantin da idonsa ya ce babu komai, sannan ya juya ƙafar da hannunsa. Ya daina karɓar aikin inji, ya tsaya a kan ƙafa da birki da sarƙa. Wanda ya tambaye shi dalili, ba ya ɓoyewa. "Kaina ya fara yoyo," yakan ce, "ka taya ni gadin ranka." Wasu sun gudu, kuma ban zarge su ba. Wasu kuwa suka ƙara manne masa, suna cewa gara mai mantuwar da ya san yana mantuwa.

"Saura abu ɗaya," in ji shi a wannan yammacin. "Akwai ranar da zan ɗauki ƙarfe in rasa ko na mene ne. Ranar nan ba zan gane ta da kaina ba. Ke za ki gaya mini. Ba yayanki ba, ba likita ba, ke. Kuma kada ki yi mini irin ƙaryar da kika yi a gidan mai."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce zan iya, ai ni 'yarsa ce. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ina da 'ya'ya uku, shi kuwa ya ci gaba da jera sifanunsa har na gama, sannan na yi masa alkawari.

Yaya ya yi wata guda ba ya zuwa. Da ya dawo bai sake kawo kwaɗo ba, bai kuma ce ya yarda ba. In ya zo ran Asabar yakan tsaya a bakin ƙofa ya leƙa farantin, Baba ya yi kamar bai gan shi ba. Ni kuwa kullum in na taso aiki sai na biya, in zauna a benci ina duba littattafan ɗalibai, ido ɗaya a kan hannunsa. Haka muka yi shekara guda da wata bakwai. A cikinsu ya manta sunayen jikokinsa, ya manta hanyar kasuwa, sau biyu ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ina goye. Amma ko sau ɗaya ba a samu wani abu ya rage a farantin nan ba, kuma ina alfahari da wannan, ko wa zai ce me.

Wata Laraba da la'asar na iso na tarar ba kowa a shagon sai shi. Mai Lemo ya kawo masa ledar da ya ba shi ajiya da safe, ya koma. Baba ya kwance ledar, ya ciro sabon boris, ya zura yatsa a ciki yana juya shi, yana murmushi.

"Auta, zo ki ga wani abu. Dubi yadda yake juyawa, ga shi da sanyi. Wa ya kawo shi? Na mene ne?"

Na jira ya yi dariya ya ce tsokanata yake yi. Bai yi ba, amsa yake jira, idonsa a kaina. Na duba hagu da dama, ba wanda ya ji. Zan iya cewa boris ne, Baba, ka gaji ne yau, gobe ka tuna. Wallahi har maganar ta zo bakina.

"Baba," na ce, "ranar nan ce."

Murmushin ya ɗauke a hankali. Ya dubi abin da ke yatsansa, ya dube ni, ya dubi ƙafar babur ɗin da ya jingine a rana tun hantsi. Ban san abin da ya tuna da abin da bai tuna ba, amma ya gane maganata. Ya ajiye boris ɗin a kan farantin a hankali.

"Ki ce wa mai ƙafar nan ya kai ta wurin wanda ba ya duka da guduma da yawa," in ji shi. "Kawo mini makulli."

Na ciro tsohon kwaɗonsa daga ƙusa na miƙa masa. Na kai hannu zan taya shi jan ƙofar, ya ture hannuna. Shi kaɗai ya ja ta, da ƙyar, ya datse, ya girgiza kwaɗon sau biyu ya ji ya kama. Ya sa makullin a aljihunsa ya dafe shi da hannu.

"Ki gaya wa yayanki," ya ce, "ni na rufe."